Haƙurin Jariri Ɗan Kwana Goma Sha Ɗaya

Shekarun baya, tun ana ɗora rediyo a kan katanga don ta kama tasha, wajen ƙarshen shekarun tamanin ke nan, na je gida goyon ciki a ƙauyenmu da ke kusa da Falgore. Mijina yana aikin ofis a Karaye, sai ƙarshen mako yake hawo babur ya zo gaida surukai, ya tsuguna a zaure kamar wanda ya yi laifi, ya koma. Cikin fari ne, shekarata ashirin, kuma a lokacin ina ganin babu abin da ban sani ba a duniya, saboda na gama firamare ina kuma iya karanta takardar magani.

Na haihu a tsakiyar marka. Namiji.

Ku 'yan zamani da kuke haihuwa yau gobe ku ɗauki waya, ban san ta yadda zan kwatanta muku jegon da ba. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce mai wankan jego a danginmu kaf, kuma ba ta san wasa ba. Safe da yamma tukunya na kan murhu tana tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mini a baya, ni kuwa in cije leɓe don kada a ce 'yar gidan ragguwa ce. Daga nan sai gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, sai kunun kanwa cikin ƙwarya, sai barci. Ɗakin kullum cike yake da tururi da ƙamshin hayaƙi. A waje ruwa na zuba a kan jinka ba tsayawa, shanu suna kuka can nesa, wata rana in buɗe ido in kasa gane safiya ce ko la'asar. Har yau in na tuna kwanakin nan, sai in ga kamar duka kwana ɗaya ne mai tsawo, ina shawagi a cikinsa tsakanin barci da farke. Na ji daɗinsu, gaskiya, duk da ƙunar baya.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa, shi ne kunyar ɗan fari. Gidanmu gidan shanu ne, Hausa a tsakar gida, Fulatanci in rai ya ɓaci, kuma a irin gidajenmu uwa ba ta nuna ta san da ɗanta na fari. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa sai an miƙo mata, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa. In ya yi kuka sai ta kau da kai, wata ta ɗauka. Ni kaina 'yar fari ce, kuma har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana son in ɗebo ruwa sai ta kalli randa ta ce, "Ashe gidan nan babu mai ganin ruwa ya ƙare." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka na ga ana yi, kuma da nawa ya zo na ɗaura niyyar in fi kowa iyawa.

Na kuwa iya. Ranar suna mata suka yi ta yabona, wai yarinyar nan akwai kara, ko gefen da jaririn yake ba ta kalla. Kaina ya kumbura. Abin da ba su sani ba, na ƙware da kallon wutsiyar ido. Na san yawan gashin girarsa. Na san yana murza ƙafar hagu kafin ya fara kuka. In Gwaggo ta fita zuba wa tukunya ruwa, sai in sunkuya in shinshina wuyansa da sauri kamar mai satar nama a miya, in koma in kwanta in rufe ido.

Yaron kuma mafaɗaci ne. In yunwa ta taso masa, har maƙwabta sai sun sani. To, ranar da ya cika kwana goma, da la'asar, sai ya sauya. Ya kama nono ya ja sau biyu ya saki, ya yi barci. Da magariba ma haka. Gari ya waye bai tashe mu da ihun nan nasa ba. Gwaggo ta yi masa wanka, bai ko motsa kirki ba, sai wani ɗan nishi da yake yi ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo. "Yau dai maigidana ya yi hankali. Kun ga haƙuri? Kakansa ya biyo. Yaro mai haƙuri ai rahama ne."

Matan da suka shigo barka suka ɗauka, kowace ta ce kai, wannan yaro da haƙuri yake, Allah ya raya. Wata ta ce jikinsa da ɗumi. Gwaggo ta ce ina zai rasa ɗumi, ɗakin jego ne fa, ko dutse aka ajiye a nan sai ya yi zafi.

Ni ina kwance na juya musu baya, fuskata ga bango, ina jin komai. Na san zafin ɗakin, kwana goma ina cikinsa. Da aka miƙo mini shi da hantsi, zafin da na ji a tafin hannuna daban ne, daga ciki yake fitowa. Bakinsa ya taɓa nono bai kama ba. Na duba ƙyallen da aka shimfiɗa masa, a bushe tun asuba. Zuciyata ta yanke. Na buɗe baki zan ce, Gwaggo, yaron nan ba lafiya, sai na mayar da shi na rufe. Yaya za a yi in faɗa? Mata huɗu a ɗaki, cikinsu har da ƙanwar mahaifin mijina. Gobe labari zai kai Karaye cewa amaryarsu ba ta da ta-ido, kwana goma sha ɗaya har ta fara iyayi da ɗa. Sai na ce a raina bari su fita. Da suka fita wasu suka shigo. Na ce bari a yi azahar. Ina ta ba kaina wa'adi, zafin gado yana ta ja na cikin wani barci-barci, ina ganin tururi yana tashi yana bin hasken ƙofa, ina gaya wa kaina watakila haƙurin ne da gaske.

Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, kuma abin dariyar shi ne kunya ce ta jawo shi.

Mahaifiyata ce ta fasa shirun. Tunda na haihu ba ta zauna a ɗakin ba, tana dai shigowa ta ajiye ƙwarya ta fita, idonta a ƙasa. Ranar nan ta shigo da kunu bayan azahar, ta ajiye, ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta kalle ni ba. Gwaggo ta kalla.

"Yaya," ta ce, "zanin ƙirjin can ya jiƙe sharkaf. Nono yana zuba, ba a sha ba."

"Barci yake yi, mai haƙuri ne."

"Ɗan kwana goma sha ɗaya bai san haƙuri ba, Yaya. Yunwa ya sani."

Sai ta juya harshe zuwa Fulatanci, abin da take yi in magana ta kai maƙura, ta ce a nemo mota. A lokacin na gane ashe wutsiyar idon nan gado na yi.

Gwaggo ta yi faɗa, wai ina aka taɓa ganin mai jego ta fita kafin arba'in, iska za ta shige ta. Amma mahaifina ya riga ya tura an kira maƙwabcinmu mai a-kori-kura. Aka naɗe ni da zannuwa uku da bargo har sai ido kaɗai ake gani. Gwaggo ta rungume yaron a gaba, ni ina gefenta. Rabona da ganin sarari kwana goma sha ɗaya. Ruwa ya ɗauke, duniya ta yi kore shar, dawa ta fi mutum tsawo, gajimare sun sauko ƙasa-ƙasa kamar a miƙa hannu a taɓa. Motar tana tangaɗi cikin taɓo, ni kuma jiri yana ɗibata, komai ina ganinsa kamar ta cikin ruwa. Abin da kawai kunnena yake bi shi ne ɗan nishin nan daga cikin zanin Gwaggo. In ya yi, in numfasa. In ya jinkirta, in riƙe numfashina.

A ƙaramin asibitin da muka je a Rogo muka tarar da wata malamar asibiti, doguwa, ba ta da yawan fara'a, da agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Akwai mutane a kan benci suna jira, amma da ta ji an ce jariri ne da zafin jiki sai ta tambayi kwanansa. Aka ce sha ɗaya. Ta ce wa na kan benci su yi haƙuri, ta shigar da mu.

Gwaggo ta fara bayani tun kafin a tambaye ta. "'Yar nan, ba wani abu ba ne, zafin ɗaki ne. Uwar yarinyar ce ta tayar da hankalin kowa."

"To Baba, bari mu raba gardama," in ji malamar. Ta kwance yaron daga zannuwansa duka, ta kwantar da shi a kan tebur daga shi sai ɗan ƙyalle, ta buɗe taga. "In zafin ɗaki ne, yanzu zai sauka. In nasa ne, zai zauna."

Muka jira. Ta sa ma'aunin zafi a hammatarsa, ta cire ta ɗaga shi wajen haske, ta girgiza, ta ɗan jima ta sake sawa. Zafin bai je ko'ina ba. Sai ta ciro agogon, ta zuba wa cikinsa ido tana ƙirga numfashi, leɓenta yana motsi, har minti ya cika. Ta duba cibiyarsa ta shinshina. Ta shafa maɗigarsa da yatsa biyu. Ta ɗan ɗalli tafin ƙafarsa, ya buɗe ido da ƙyar ya mayar.

"Yaushe rabonsa da nono?"

"Yana sha," in ji Gwaggo.

"Fitsari fa?"

"Ai jarirai ba sa rabo da fitsari."

Malamar ta ajiye alƙalaminta. "Baba, ki gafarce ni. Wace ce uwarsa?"

Ni ina can kusurwa cikin bargona, na juya musu kafaɗa kamar motar haya muka haɗu. Gwaggo ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ɗan fari ne," wato a bar zancen.

"Na sani," in ji malamar. "Ni ma 'yar wajen Kurugu ce, ba daga sama na faɗo ba. Amma abin da nake nema yana wurinta, ba ya wurin kowa." Ta juyo gare ni. "Ƙanwata, ki ajiye kunyar nan a bakin ƙofa, in kin fita kya ɗauka. Yaushe ya sha na kirki?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce jiya kafin la'asar. Na ce daga nan sau biyar aka miƙo shi, sau biyu ya kama ya saki, sau uku bai kama ba. Na ce fitsarin ƙarshe kafin asuba ne kuma kaɗan ne, ja-ja. Na ce nishin ya fara ne bayan wankan safe. Na ce da hantsi hannunsa na dama ya yi wata 'yar karkarwa sau biyu, babu wanda ya gani sai ni. Ta tambaye ni ko faya ta daɗe da fashewa kafin ya fito, na ce kwana guda cur da yini. Ina magana hawaye na bin fuskata, Gwaggo kuwa ta saki baki tana kallona kamar akuya ce ta yi sallama.

"Ke da ko kallonsa ba kya yi?" ta ce.

Malamar tana haɗa allura tana yi wa Gwaggo magana, a hankali, ba da raini ba. Ta ce yaron da ya yi wata shida in ya zo da zazzaɓi yana tsala ihu yana shan nono, takan duba shi ta ba da magani ta ce a dawo gobe. Amma wanda bai cika wata ba, ba ta jiran gobe, domin jikinsa bai koyi faɗa da cuta ba, bai kuma koyi nuna ta ba. Ciwo zai iya shiga jininsa ya kai kansa, abin da za a gani a waje kawai ɗan zafi ne da shiru. Ta ce, "Mai ihu ba ya tsorata ni, Baba. Mai haƙurin nan shi nake tsoro."

Ta yi masa allurar farko a cinya. Ko kuka bai yi ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ta rubuta takarda ta ce mu wuce babban asibiti yanzu, kada mu biya gida, kada mu tsaya cin abinci.

A can likita ya ce sai an ɗebi jini da fitsari, sai kuma an ɗebi ruwan bayansa. Gwaggo ta dafe ƙirji, ta ce ba a taɓa bayan jariri, haka aka yi wa ɗan wance bai ƙara tafiya ba. Mijina bai iso ba tukuna. Likitan ya waiga yana neman wanda zai ba shi izini, sai na ji wata murya ta ce, "Ɗana ne. A ɗiba." Muryata ce. Bakin da ya yi kwana goma sha ɗaya a kulle, ranar har da yanke hukunci a gaban yayar uba.

Ruwan bai fito garau ba. Suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini ta hau kai, sanƙarau irin na jarirai, kuma da mun ƙara kwana da labarin ya sha bamban. Muka yi kusan mako uku ana yi masa allurai. Kwana uku na farko ba na iya tuna su sosai, sai farin bango, da ƙarar fanka, da robar ruwa tana ɗiga. A rana ta huɗu da safe, ina gyangyaɗi a kan kujera, ya murza ƙafar hagu, ya buɗe baki ya tsala wani ihu da ya tashi ɗakin gaba ɗaya. Ban taɓa jin sauti mai daɗi irin wannan ba, kuma ban ƙara ji ba. Na ɗauke shi da hannuna, ba wanda ya miƙo mini, ya kama nono kamar zai cire shi.

Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ba ta fasa aikinta ba. Ta samu duwatsu uku a bayan ɗakin marasa lafiya, ta aro tukunya, ta ci gaba da fyaɗa mini darbejiya safe da yamma har masu gadi suka gaji suka ƙyale ta. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne. Amma daga shekarar har ta rasu, duk gidan da ta je jego, in aka ce jariri mai haƙuri ne, sai ta mintsine shi ta ji ƙarfin kukansa, ta kuma kori kowa daga ɗaki ta tsare uwar da tambaya. Mahaifiyata kuwa sau ɗaya ta zo asibitin. Ta tsaya a bakin taga ta waje, ta ce wa Gwaggo, "A ce da mai jegon ta riƙa cin abinci," ta juya ta tafi.

Mun dawo gida da shi da rai, amma ciwon bai tafi hannu wofi ba. Yana shekara uku muka lura in ya kwanta a kan kunnen hagu, ko tulu aka fasa a kansa ba ya motsi. Aka duba aka ce kunnen dama ya mutu, ba zai dawo ba. Na tambayi likita ko da mun zo tun da safe da kunnen ya tsira. Ya ce Allah ne masani. Ni dai na san daga hantsi zuwa bayan azahar ina kwance fuskata ga bango, da magana a bakina. Wannan rabin yinin yana nan tare da ni, ba ya tsufa.

Ba na zagin al'adarmu. Kunya ce ta raine ni, kuma akwai wani so a cikinta da masu faɗa da baki ba su san shi ba. Amma duk yarinyar da ta haihu a danginmu, nakan gaya mata abu ɗaya: jaririn da bai cika wata ba in ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko ya yi shirun da ba ki saba ba, ki yi magana a gaban ko wane ne, ku tafi asibiti a ranar. Ke kika fi kowa saninsa, ko da kuwa da wutsiyar ido kike kallo.

Yanzu ya zama magidanci, da furfura ɗai-ɗai a gemu. Adda yake ce mini, wato yaya, domin a hannun mahaifiyata ya tashi kuma ita ce Innarsa. Ni kuwa har gobe ba na kiran sunansa a gaban mutane, abin ya bi jiki. Sai dai na daɗe da samun wata dabara. In ya ɗauke ni a motarsa nakan zauna a gaba, inda kunnen da ba ya ji yake fuskantata. In inji ya ɗauki ƙara, sai in yi ƙasa da murya in kira sunansa, in ce ɗana, in faɗi duk abin da ban faɗa ba tun yana cikin zani. Har gafarar rabin yinin nan na sha roƙa a wannan kunnen. Shekara da shekaru ina yi, hankalina kwance, ba mai ji.

Bara da damina, muna kan hanyar Rogo zuwa Karaye, gonaki sun yi kore, ina cikin abin nawa, sai ya ce, idonsa na kan titi, "Adda, kin san tun ina firamare na iya karanta baki?"

Na juyo na kalle shi.

"Madubin nan na tsakiya, kin ɗauka don motocin baya nake karkata shi?"

Na ja mayafi na rufe fuska, tsofai-tsofai da ni. Na ce masa ya kalli hanya kada ya jefa mu a rami.

"To," ya ce. Ya rage gudu, ya kashe rediyo, ya juyo da kunnen hagu wajena gwargwadon yadda tuƙi ya bari. "Amma ki ƙarasa. Kin tsaya a tsakiya."

Na ƙarasa.